Jawabi a Kan Girgizar Ƙasa ta Haiti da Yadda Aka Sake Gina Gidajenta

 

Ya ku malamai, Allah ya gafarta muku, da ku almajirai, Allah ya ba ku fahimta: abin da za mu yi magana a kansa yau labarin wata ƙasa ce mai nisa, ana ce mata Haiti, wadda aka yi girgizar ƙasa a cikinta a shekara ta 2010, gidaje suka zube a kan masu su. Ba za mu tsawaita a kan mutuwar ba, gama an ji labarinta a lokacinta. Abin da muke nema shi ne abin da ya biyo baya, watau yadda duniya ta tara dukiya mai yawa domin a mayar da mutanen nan cikin ɗakuna, da yadda shekaru suka shuɗe talaka yana kwance ƙarƙashin tamfol, da sababin da ya kawo haka. Ku riƙe abu uku tun daga farko, domin a kansu maganar duka take tafiya. Gida yana bukatar fili wanda ba a jayayya a kansa, da magini wanda ya san aikinsa, da kuɗi a hannun mai gidan kansa. In ɗaya ya ɓace, biyun da suka saura ba su isa.

Fasali na farko, a kan ƙasar da mutanenta

Ku sani Haiti tana kan wani tsibiri a cikin teku, kudu maso gabas da Amurka, kusa da Kuba. Sulusin tsibirin na yamma shi ne nata, sauran na Jamhuriyar Dominika ne. Mutanenta baƙaƙe ne, jikokin bayin da Faransawa suka kwasa daga Afirka ta Yamma da ƙasar Kongo domin noman rake, har a takardun masu gonakin an sami bayi waɗanda aka rubuta asalinsu Hausa. A 1791 bayin nan suka yi tawaye, suka yi ta yaƙi har suka sami 'yancin kansu a 1804.

To amma ba a bar su suka huta ba. A 1825 Sarkin Faransa ya aiko jiragen yaƙi, ya aza musu faran miliyan 150, wai diyya ga iyayengijin da suka yi hasarar gonaki da bayi. A 1838 aka rage zuwa miliyan 90. Ba su da abin biya, sai suka ci bashi da ruwa a bankuna, bashi ya haifi bashi, ba a rabu da shi ba sai wajen 1947. Dukiyar da za a yi hanyoyi da makarantu da ita, ita ce ta yi ta ƙetare teku fiye da shekara ɗari. Sa'an nan aka yi ta samun azzaluman shugabanni, daji ya ƙare, gona ta gaji, mutanen ƙauye suka yi ta kwarara zuwa babban birni, Potoprens. Kafin girgizar mutanen birnin da kewayensa sun haura miliyan 2, mafi yawansu a kan gangaren duwatsu da bakin kwazazzabai, ɗaki a kan ɗaki, babu awon igiya, babu mai duba gini.

Fasali na biyu, a kan girgizar da abin da ya kashe mutane

Ran Talata, 12 ga Janairu 2010, daidai da ƙarshen Muharram 1431, bayan la'asar, ƙarfe 5 saura 'yan mintoci, ƙasa ta motsa. Tushen motsin yana kusa da garin Leyogan, kamar kilomita 25 yamma da babban birni, kuma ba shi da zurfi a cikin ƙasa. Ƙarfinsa daraja 7 ne a ma'aunin masana. Bai kai minti guda ba, amma da ƙura ta lafa sai ga fadar shugaban ƙasa ta durƙushe, da majalisa, da babbar majami'a, da mafi yawan ma'aikatun hukuma, da masaukin Majalisar Ɗinkin Duniya, inda shugaban aikinta, Hedi Annabi mutumin Tunisiya, ya rasu. An yi saɓani a kan adadin matattu. Hukuma ta fara cewa sun haura 220,000, bayan shekara ta ce 316,000, waɗansu masu bincike kuwa suka ce wajen 160,000 ne. Gidaje wajen 105,000 suka rushe ƙurmus, fiye da 200,000 suka tsage, mutum kamar miliyan ɗaya da rabi suka koma sansanoni.

Yanzu ku lura da wannan. Bayan mako shida da 'yan kwanaki, ran 27 ga Fabrairu, aka yi wata girgiza a ƙasar Cile, mai daraja 8.8. Masana suka ce ƙarfinta ya ninka na Haiti kamar sau 500. Waɗanda suka mutu a Cile kuwa ɗari biyar ne da 'yan kai. Babban abin da ya bambanta su shi ne gini, domin mutanen Cile sun daɗe da dokar gini, kuma ana tilasta ta.

A Haiti ga yadda talaka yake gini. Yana sayen bulo mai araha, wanda aka yi da siminti kaɗan da wani farin yashi mai taushi da ake haƙowa daga duwatsun bayan birni, aka shanya shi a rana ba a ba shi ruwa ba, har mutum yana iya marmasa gefensa da hannu. Rodin da ake sawa cikin ginshiƙi siriri ne, sau da yawa mai santsi wanda kankare ba ya kama shi, zobban da ke ɗaure shi kuwa nesa da juna. Ana kwaɓa kankare a ƙasa, a cika masa ruwa domin ya yi saurin zuba. Sa'an nan a aza rufin kankare mai nauyi, saboda tsoron guguwar teku da ke kwashe kwano kowace 'yan shekaru. In an sami kuɗi baɗi a ƙara bene a kai, ba a ƙara wa tushe kome ba. Ginin nan yana ɗaukar nauyin da ke danna shi daga sama. Amma girgiza tana tura shi gefe ne, gaba da baya, kamar yadda ake tankaɗe. Sai ginshiƙai su karye a wuya, rufi ya sauko a kan na ciki.

In wani ya ce, ai ajali ne, wanda kwanansa ya ƙare ko a fili yake sai ya tafi, sai mu ce masa: na'am, ajali gaskiya ne, amma bai ɗauke lamuni daga kan mai sakaci ba. Malaman fiƙihu sun yi magana a kan bango mai karkata, suka ce in an gargaɗi mai shi, ya sami iko bai rushe ba, har ya faɗa a kan mutum, to lamuni yana kansa. Ina ga wanda ya rage siminti da gangan, ya sayar da bulon ga mai iyali?

Akwai kuma mantuwa. Birnin nan ya taɓa rushewa da girgiza a 1751, ya sake a 1770, har mahukuntan wancan zamani suka hana ginin dutse, suka ce a yi na katako. Da aka daɗe ƙasa ba ta motsa ba, gobara kuwa tana cin gari, sai a 1925 aka juya dokar, aka hana sabon ginin katako a birnin. Da girgizar 2010 ta zo, sai ga tsofaffin gidajen katako da jan bulo, masu shekara wajen ɗari, mafi yawansu suna tsaye, sababbin benaye na kankare kuwa suna kwance a gefensu. Katako yana lanƙwasa ya komo, kuma rufinsa ba shi da nauyi.

Fasali na uku, a kan dukiyar da aka tara

Duniya ta ji tausayi ƙwarai. Ran 31 ga Maris 2010 ƙasashe suka taru a birnin Niyok, suka yi alkawarin kusan dala biliyan 10. Aka kafa hukumar sake gini, Bill Clinton tsohon shugaban Amurka da Jean-Max Bellerive firayim ministan Haiti suna shugabancinta tare. Ƙungiyoyin agaji suka cika gari. A watannin farko sun yi aiki na gaske, sun ɗinke raunuka, sun raba abinci da ruwa da tamfol, wannan ba mai musunsa.

Wajen gida ne aka gaza. Ofishin wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya ya lissafta kuɗin da ƙasashe da manyan hukumomi suka fitar daga 2010 zuwa 2012, sama da dala biliyan 6, ya tarar abin da ya bi ta hannun hukumar Haiti bai kai ushiri ba, abin da ya shiga hannun ƙungiyoyi da 'yan kasuwar ƙasar kuwa bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Sauran ya bi ta hannun baƙi, kowane hannu yana cire ladan aikinsa, da albashi, da motoci, da hayar masauki, kafin ya miƙa wa na gaba.

Ga misali biyu. Hukumar agaji ta gwamnatin Amurka ta ƙudura gina gidaje 15,000. A 2013 masu binciken kuɗi na majalisar ƙasar suka ba da labari cewa an rage su zuwa 2,649, kuɗin gida guda da filinsa kuwa ya tashi daga ƙasa da dala 10,000 zuwa sama da 33,000. Ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta tara kusan dala miliyan 500. A 2015 'yan jarida suka bincika, suka ce gidaje na dindindin da ta gina shida ne. Ƙungiyar ta amsa cewa ta taimaki mutane da yawa da rumfuna da kuɗin haya da gyara, kuma rikicin fili ne ya hana ta gini. Adalci shi ne a faɗi amsarta, gama rikicin filin gaskiya ne, za mu zo kansa.

Abin da aka fi yi shi ne rumfunan wucin gadi na falanki da kwano, fiye da 100,000, waɗanda aka yi domin su kai shekara uku zuwa biyar. An so su domin suna da saurin kafawa, suna da sauƙin ƙirgawa, ana ɗaukar hotonsu a nuna wa masu bayarwa. Alhali kuwa akwai aikin da ya fi su amfani. Injiniyoyi sun bi gine-gine wajen 400,000 suna shafa musu alama. Kore shi ne a shiga, rawaya a gyara tukuna, ja kuwa akwai haɗari. Fiye da rabi suka sami kore, kamar rubu'i rawaya, kamar humusi ja. Gidan rawaya yana da fili, yana da mai shi, yana cikin unguwar da mutum ya saba neman abincinsa, kuma gyaransa sau da yawa bai kai kuɗin rumfa guda ba. Amma aka yi jinkirin gyara. Ɓaraguzai ma, waɗanda aka ƙiyasta sun kai mita miliyan 10 na murabba'in tsawo da faɗi da zurfi, bayan shekara guda abin da aka kwashe bai wuce biyar cikin ɗari ba, domin masu bayarwa ba su son a ce kuɗinsu ya tafi a kwasar shara. Da mutane suka gaji da zaman tanti, da yawa suka koma cikin gidajen ja, suka toshe tsaga da siminti, suka kwanta.

A kan wannan kuma sai ga annoba. A watan Oktoba 2010 kwalara ta ɓulla, cutar da ba a san ta a ƙasar ba a zamanin nan. Bincike ya nuna daga sansanin sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito, waɗanda aka kawo daga Nefal, ƙazantarsu ta malala cikin rafin da ke zuba a kogin Artibonit. Ta kama fiye da mutum 800,000, ta kashe wajen 10,000. Sai a Disamba 2016 Ban Ki-moon, babban magatakardan Majalisar, ya nemi gafarar mutanen Haiti. Wannan ya nuna gida ba bango da rufi kaɗai ba ne, ruwan sha da masai suna cikin lissafinsa.

Fasali na huɗu, a kan mas'alar fili da 'yan haya

Wannan ita ce mas'ala mai wuya, ya ku malamai, kuma ku kuka fi kowa sanin irinta, domin rabon gado da shaidar mallaka a gabanku ake kawo su. A Haiti ƙasar da aka auna aka rubuta a littafin hukuma ba ta kai biyar cikin ɗari ba. Fili guda yana iya samun takarda biyu ko uku a hannun mutane dabam dabam. Wani filin na kaka ne, magada sun yi yawa, ba a taɓa rabawa ba, waɗansunsu suna ƙetare. Wani kuwa ya yi hayar ƙasa ya gina ɗaki a kai, watau ɗakin nasa ne, ƙasar ta wani. Ga shi kuma ofishin haraji, inda ake ajiye takardu da yawa, ya rushe tare da ma'aikatansa.

To, in ƙungiya ta zo da kuɗi za ta gina, wa za ta gina wa? In ta gina wa mai fili, ɗan haya da ke ciki dā ba shi da rabo, mai gida ma zai ƙara kuɗin haya tun da ɗaki ya zama sabo. In ta gina wa ɗan haya, gobe mai takarda ya zo ya kore shi ya riƙe ginin. Mafi yawan waɗanda suka daɗe a sansanoni kuwa 'yan haya ne, ba su da inda za su koma. Masu filayen da aka kafa tantuna a kai suka fara korarsu, wani wuri da sanda, wani wuri da wuta.

A 2011 hukumar shugaba Michel Martelly ta fito da wata dabara, aka ba kowane iyali dala 500, kuɗin hayar shekara guda, su nemi ɗaki su bar sansani. Dandalin da ke gaban fada ya zama fanko, adadi ya yi ta raguwa, har a farkon 2015 waɗanda suka saura a sansanoni wajen 80,000 ne. Dabarar ta fitar da mutane daga tanti, amma kuɗin haya ne, ba na gini ba. Da shekara ta cika, wanda ba shi da abin biya ya sake ɗaukar tabarmarsa.

Fasali na biyar, a kan garin da talakawa suka gina

Ina suka nufa? Arewa da babban birni akwai wani fako mai duwatsu, ba itace, ba rijiya. A watan Maris 2010 shugaba Rene Preval ya sa hannu a takarda cewa hukuma ta karɓi wurin domin maslahar jama'a, aka kafa sansani a gefensa. Da talakawa suka ji an ce ƙasar ta zama ta hukuma, sai suka yi ta zuwa, kowa ya jera duwatsu ya kafa turaku ya ce nan ne nawa. Suka sa wa wurin suna Kan'ana, da sunan ƙasar da kuka sani a ƙissoshin annabawa. Suka naɗa shugabannin unguwa, suka ja layin hanyoyi, suka keɓe wurin kasuwa da makaranta da wurin ibada. Mutanen Haiti suna da al'ada irin gayyarmu, suna ce mata kombit, da ita aka yi aiki da yawa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum ya fara da tamfol, ya koma kwano, sa'an nan ya riƙa sayen bulo goma goma, da kuɗin ƙwadago da abin da 'yan'uwa ke aikowa daga ƙetare. Cikin 'yan shekaru mazauna wurin suka haura 200,000.

Ku auna wannan da gidaje 2,649 da gidaje shida. Waɗanda aka ce ba su da kome, su ne suka gina gari sukutum. Amma hukuma ba ta ba su takardar mallaka ba, ba ta ja musu ruwa ba, sai saye suke yi daga motocin tanki. Ba a aiko musu masu duba gini yadda ya kamata ba, saboda haka da yawa suka yi gini da irin bulon nan da ya kashe 'yan'uwansu. Da yake hukuma ba ta zauna a wurin ba, daga baya 'yan bindiga suka zauna, har a 2023 unguwar tana hannunsu. Da a ce ushirin abin da aka kashe a rumfuna an kai shi can tun farko, aka auna filaye, aka koya wa magina, aka haƙa rijiyoyi, da labarin Kan'ana ya zama dabam.

Fasali na shida, a kan ginin da yake tsayawa

Kada ku zaci gini mai jure girgiza sai mai dukiya. Akwai hanya wadda aka koya wa magina a Haiti bayan girgizar, kuma dokar gini da ƙasar ta tsara a 2012 ta karɓe ta. Kayan aikinta su ne waɗanda aka saba, bulo da rodi da siminti, tsarin ne ya sauya. Dā ana fara zuba ginshiƙai, sa'an nan a cika tsakaninsu da bulo, sai bango ya zama baƙo a cikin gini, in an girgiza ya fice ya faɗi. A sabuwar hanya bango ake fara ɗagawa, a bar gefensa haƙora haƙora, rodi yana tsaye a kusurwa, sa'an nan a zuba kankare ya shiga tsakanin haƙoran ya kama su. A yi ɗamarar kankare da rodi a kan tushe, a yi wata a saman bango, su kewaye ɗakin duka, a haɗa su da ginshiƙai. Sai ɗakin ya zama kamar damin da aka ɗaure sama da ƙasa, in an jijjiga shi yana motsi gaba ɗaya, ba ya watsewa.

Sauran sharuɗɗan masu sauƙi ne. Zobban rodi su kusanci juna, a lanƙwasa bakinsu ciki domin kada su buɗe. Taga da ƙofa kada su yi yawa, kada su matsa kusurwa. Bango mai tsawo a tokare shi da wani bango. Yashi ya zama mai tsabta, ruwan kwaɓi daidai gwargwado. Bulo a riƙa ba shi ruwa kwana bakwai a inuwa. In za ka saya, ka ɗaga guda zuwa ƙirjinka ka sake shi a kan ƙasa mai tauri, in ya tarwatse ka bar wa mai shi kayansa. Rufi kuwa mara nauyi ya fi, in an ɗaure shi da kyau saboda iska.

Saura maganar kuɗi a hannun mai gida. In wani ya ce, talaka in ka ba shi kuɗin gini ai cinyewa zai yi, sai mu kawo masa labarin Pakistan. Ran 8 ga Oktoba 2005, cikin Ramalan, girgiza ta auka wa Kashmir da duwatsun arewacin ƙasar, ta kashe fiye da mutum 73,000, ta ɓata gidajen ƙauye wajen 600,000. Hukuma ba ta ba 'yan kwangila aikin ba. Ta ba kowane mai gida da ya rushe rufi 175,000, kashi huɗu. Kashi na uku ba ya fita sai masu dubawa sun zo sun ga tushe, na huɗu kuwa sai sun ga bango ya kai linta bisa ƙa'ida. Aka koya wa magina dubbai, aka kuma yarda da ginin gargajiya na mutanen dutse, mai firam ɗin katako da ake cika shi da duwatsu da laka. Cikin shekara huɗu zuwa biyar mafi yawan gidajen suka tashi. Gaskiya ne mutanen ƙauyen Kashmir galibinsu suna da filayensu, wannan ya sauƙaƙa musu abin da ya wahalar da Haiti. Amma hujjar ta tsaya, cewa mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma ba ya ha'intar ginin da 'ya'yansa za su kwana a ciki, in an nuna masa hanya, aka kuma duba aikinsa.

Rufewa

Ran 14 ga Agusta 2021 ƙasa ta sake motsawa a kudancin Haiti, da daraja 7.2, mako biyar bayan an kashe shugaban ƙasar Jovenel Moise a gidansa. Mutum wajen 2,200 suka mutu, gidaje fiye da 130,000 suka rushe ko suka tsage. A wannan karon 'yan ƙasar da yawa suka ɗaga murya, suka ce kada a maimaita abin da aka yi a 2010, a bi ta hannun mutanen gari, kada a tara jama'a a manyan sansanoni.

Ya ku almajirai, a cikinku akwai waɗanda za su zama magina, da masu buga bulo, da waɗanda za a ba amanar kuɗin taimako in masifa ta auka wa wani gari, ko ta ruwa ce ko ta wuta. Wanda ya zama magini ya tuna siminti da ya rage yau, a kan wani zai faɗo gobe. Wanda aka ba amanar taro ya fara tambaya uku kafin ya kashe ko kwabo: filin na wane ne, wa zai gina, kuma nawa ne zai isa hannun mai gidan? Sa'an nan ya rubuta abin da ya karɓa da abin da ya fitar, ya karanta a gaban jama'a. Ku kuma malamai, ku riƙa kwaɗaitar da mutane su raba gado da wuri, su rubuta cinikin fili da haya da shaidu, su ajiye takarda a wuri fiye da ɗaya, domin ranar da bango ya faɗi ba ranar neman shaida ba ce.

Allah ya sauƙaƙa wa mutanen Haiti, ya mayar da marasa ɗaki cikin ɗakunansu, ya tsare mu da ku daga cin amana.